ITACEN GISHIRI DA ƘWARON GANYE

Kowane manomi ya san ƙwaro. In ka ce masa ƙwari sun sauka a gona, ba ka kawo masa labarin alheri ba. To, darasinmu na yau labarin waɗansu mutane ne da suka yi tafiyar dubban mil, suka kashe kuɗi masu yawa, don su nemo ƙwaro su sake shi a ƙasarsu da gangan. Wani itace ne ya dame su, su ke so ƙwaron ya cinye shi. Abin ya faru a ƙasar Amurka, a jihohinta na yamma. Ku karanta a hankali, ku ga abin da suka samu da abin da suka rasa.

1. Baƙon da ya ƙi tafiya

Sunan itacen tamaris. A Amurka su kan ce da shi itacen gishiri, mu ma haka za mu kira shi. Asalinsa daga ƙasashen Asiya ne, da kudancin Turai, da arewacin Afirka. Ba babban itace ba ne, yawancinsa ba ya wuce ƙafa 20. Ganyensa ƙanana ne ƙwarai, suna manne da reshe. Furensa fari ne ko jaja-jaja, gwanin kyau, ƙudan zuma kuwa suna sonsa.

Masu sayar da dashe ne suka kai shi Amurka, bayan shekara ta 1800. Da fari a gidaje a ke shuka shi don ado. Daga baya aka riƙa dasa shi don ya tare iska, ya kuma riƙe gaɓar kogi kada ruwa ya zaizaye ta. Kowa yana yaba shi.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Amma wannan baƙo bai tafi ba. Ya fita daga lambuna, ya bi koguna, ya yi ta yaɗuwa. Ya kama bakin Kogin Kolorado, da Rio Grande, da Pecos, da Gila. Kafin a farga ya rufe wajen eka 1,000,000.

Abu huɗu suka ba shi ƙarfi. Na ɗaya, yawan iri. Babban itace guda ya kan zuba iri har 500,000 a shekara, ƙanana kamar ƙura, iska da ruwa suna kai su ko'ina. Na biyu, saiwarsa tana nisa cikin ƙasa, saboda haka fari ba ya kashe shi da wuri. Na uku, yana jure gishiri. Ya kan sha ruwan zartsi, ya fitar da gishirin ta ganye, ganyen ya zube a gindinsa. Na huɗu, ko an sare shi, ko an ƙone shi, sai kututturen ya sake toho.

Akwai kuma abu na biyar, wanda shi ne tushen darasinmu. A ƙasarsa ta asali ƙwari iri iri suna cinsa, suna rage masa ƙarfi. Da aka kai shi Amurka, an bar waɗannan ƙwari a baya. Ya zama kamar akuya a garin da babu kura.

2. Yadda bango ya tsage

Kada ku ɗora wa itacen laifi duka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bari mu ga abin da ya tsaga bangon.

Itatuwan asali na bakin waɗannan koguna iri biyu ne manya. Ɗaya sunansa wilo, mai dogayen rassa masu laushi. Ɗayan kuwa itacen auduga, don irinsa yana tashi cikin farin gashi kamar na rimi. Dukansu biyu sun dogara ga cikowar kogi. A can, ƙanƙara ta kan taru a kan duwatsu lokacin sanyi. In zafi ya fara sai ta narke, koguna su cika su yi ambaliya. In ruwa ya janye, sai ya bar ɗanyen laka da yashi. Daidai wannan lokaci itatuwan nan su ke zubar da irinsu, cikin 'yan makonni kaɗan. In irin bai sami ɗanyen laka a makonnin nan ba, ya mutu.

Sai mutane suka gina manyan madatsun ruwa don noman rani da wutar lantarki. An gama madatsar Hoover a kan Kogin Kolorado a 1936. Madatsar Glen Canyon ta fara tare ruwa a 1963. Ambaliya ta daina zuwa a lokacinta. Gishiri ya taru a ƙasa, don babu ruwan da zai wanke shi. Wilo da itacen auduga suka kasa haifuwa. Shi kuwa itacen gishiri wata da watanni ya ke yi yana zuba iri, ko yaushe laka ta samu yana da rabo. Ta haka ya gaje wurin.

3. Abin da ya dami mutane

Itacen ya yi duhuwa, har mutum ba ya iya ratsawa, dabba ba ta iya kai wa ga ruwa. Busasshen ganyensa ya taru, gobara ta yawaita a bakin koguna. Ya riƙe yashi, hanyar ruwa ta ƙuntata. Manoma kuma suka ce yana shanye musu ruwa. Har an daɗe ana cewa itace guda yana shan galan 200 a yini.

Aka yi ta yaƙi da shi. Aka sa katafila ta tumɓuke shi. Aka sa wuta. A bakin Kogin Pecos, a jihar Teksas, tun daga 1999 aka riƙa fesa masa magani daga jirgin sama mai saukar ungulu. Duk waɗannan hanyoyi suna cin kuɗi ƙwarai. In kuma aka yi sakaci 'yan shekaru, sai itacen ya dawo.

4. Neman abokin gaba

Sai masana na Ma'aikatar Gona ta Amurka suka yi wani tunani. Suka ce, tun da itacen yana da abokan gaba a ƙasarsa, me zai hana a je a ɗauko ɗaya? Shugaban wannan aiki wani masanin ƙwari ne, Jack DeLoach, wanda ke aiki a garin Temple na Teksas. Sun fara bincike kafin 1990.

Suka sami wani ƙwaron ganye, wanda masana ke kira Diorhabda. Sun samo shi a Fukang, a arewa maso yammacin ƙasar Sin, da kuma Chilik a ƙasar Kazakistan. Girmansa kamar ƙwayar shinkafa ne. Launinsa rawaya-rawaya, da baƙin zane a baya.

Ga yadda ya ke rayuwa. Macen ta kan saka ƙwai a jikin ganye. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, baƙar tsutsa ta fito. Tsutsar ta yi ta cin ganye tana kankare shi, har abin da ta bari ma ya bushe. In ta ƙoshi sai ta sauka ƙasa, ta shige cikin busasshen ganye, ta rikiɗa ta zama ƙwaro mai fiffike. A lokacin zafi guda su kan hayayyafa sau biyu ko fiye. In sanyi ya gabato, sai manyan su shige ƙarƙashin busasshen ganye su yi kwanci, kamar yadda gaiwa ta ke yi cikin laka da rani.

Ba a sake shi nan da nan ba, gama ana tsoron kada ya bar itacen ya faɗa wa amfanin gona. Aka tsare shi a ɗakin gwaji. Aka yi ta ba shi ganyen tsire-tsire iri iri, na gona da na daji. Aka ga ba ya rayuwa sai a kan itacen gishiri da danginsa na kusa. A 1999 aka yarda a sa shi cikin keji na waya a bakin koguna. A 2001 aka buɗe kejin, aka sake shi a jihohi shida: Nebada, Yuta, Kolorado, Wayomin, Kalifoniya da Teksas.

5. Ƙwaro ya kama aiki

A jihohin arewa abin ya ba kowa mamaki. Kusa da garin Lovelock a Nebada, cikin 'yan shekaru ƙwarin suka cinye ganyen dubban ekoki. A Moab, jihar Yuta, an sake su a 2004. Ba a daɗe ba mutane suka ga bakin Kogin Kolorado ya yi ja, sai ka ce wuta ta bi ta kai.

Ku lura, ƙwaron ba ya kashe itace a tashi ɗaya. In ya cinye ganye, itacen ya kan sake toho da abincin da ya ajiye a saiwa. Ƙwaro ya sake cinyewa. Haka za a yi ta yi shekara uku, huɗu, ko fiye, har ajiyar ta ƙare. A wani wuri itatuwa da yawa su kan mutu. A wani wuri kuwa sai dai su raunana, su rage fure da iri. Ƙwaron ba ya ƙarar da itacen ƙaf, rage masa ƙarfi ya ke yi.

A kudu kuwa, wajen Teksas, ƙwarin suka kasa. Dalilin abin sha'awa ne. Mu nan dare da rana kusan daidai su ke duk shekara. A Kano yini mafi tsawo ba ya kai awa 13. Amma a ƙasashen arewa mai nisa, yinin lokacin zafi ya kan kai awa 15 ko fiye. Wannan ƙwaro da tsawon yini ya ke gane lokaci. In yini ya gaza wajen awa 14 da rabi, sai ya ɗauka sanyi ya kusa, ya daina saka ƙwai, ya tafi kwanci. A Teksas yini ba ya yin tsawo haka. Saboda haka ƙwarin suka kwanta tun ana tsakiyar zafi, suka mutu kafin shekara ta kewayo.

Masana suka koma neman danginsa a ƙasashen da yininsu ya yi daidai da na kudu. Suka kawo wani daga tsibirin Kirit na ƙasar Girka, wani daga Uzbekistan, wani kuma daga nan Afirka, ƙasar Tunisiya. Waɗannan suka zauna a Teksas. Na Tunisiya ya yi aiki sosai a bakin Rio Grande. Amma a 2010 ya faɗa wa wani babban irin tamaris da mutane suka dasa don inuwa a garuruwan iyakar Amurka da Meziko, ya kakkaɓe masa ganye. Masu gidaje ba su ji daɗi ba.

6. Ɗan tsuntsu ya shiga tsakani

Akwai wani ɗan tsuntsu mai kama ƙuda da sauran ƙananan ƙwari. Tsawonsa bai wuce inci 6 ba. Lokacin sanyi ya kan tafi ƙasashen Amurka ta Tsakiya. Wajen watan Mayu sai ya dawo bakin kogunan kudu maso yammacin Amurka, ya yi sheƙa. Da can cikin wilo ya ke yin sheƙarsa. Da wilo ya ragu, tsuntsun ma ya ragu. A 1995 Gwamnatin Amurka ta sa shi cikin halittun da a ke tsoron ƙarewarsu, doka ta hana a cuce shi.

To, ashe tsuntsun nan da ya rasa wilo, a wurare da yawa ya koma yin sheƙa cikin itacen gishiri. Watau abin da ya zama annoba ga manomi ya zama gida ga tsuntsu.

Masana sun san da haka tun kafin a saki ƙwaron. Shi ya sa aka yi sharaɗi, ba za a sake shi ba sai a wurin da ya yi nisan mil 200 daga inda tsuntsun ke sheƙa cikin itacen. Suna kuma zaton gajeren yinin kudu zai tsare ƙwaron arewa, ba zai iya gangarawa can ba.

Duka biyu ba su tsaya ba. A 2006 waɗansu ma'aikatan wurin suka ɗebo ƙwarin daga Delta, a tsakiyar Yuta, suka sake su a St. George, bakin Kogin Virgin, inda tsuntsun ke sheƙa. Sa'an nan ƙwaron da kansa ya sake hali. Cikin dubban ƙwari, akwai 'yan kaɗan da ba su saurin kwanci. Su ne suka rayu a kudu, suka haifi masu irin halinsu. Kafin shekara goma jikokinsu sun saba da gajeren yini. Suka bi Kogin Kolorado suka gangara kudu cikin jihar Arizona.

Ƙwarin suna cinye ganye a watan Yuni da Yuli, daidai lokacin da ƙwai da 'yan tsaki ke cikin sheƙa. In ganye ya zube, sheƙa ta fito fili. Rana ta buge ta, masu cin ƙwai su gan ta. Sheƙuna da yawa suka lalace.

Ƙungiyoyin masu kare halittu suka kai ƙara kotu a 2009. A watan Yuni na 2010 Ma'aikatar Gona ta tsai da aikin, ta daina ba da izinin kai ƙwarin daga jiha zuwa jiha. A 2017 wata kotun tarayya a Nebada ta yanke hukunci cewa tsai da aikin kawai bai isa ba, wajibi ne Ma'aikatar ta yi abin da zai taimaki tsuntsun. Amma ƙwaro ba ya jin hukuncin alƙali. Katafila in an kashe ta, ta tsaya. Mai feshi in an ce ya bari, ya bari. Ƙwaron da aka saki kuwa ba shi da linzami, ba a iya kiransa ya komo.

7. Bayan itace ya mutu

Saura batun ruwa. A 2010 hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fitar da rahoto. Ta ce zancen galan 200 ba haka ba ne. Ruwan da itacen gishiri ke sha bai fi na wilo da itacen auduga da wani abin kirki ba. Saboda haka ruwan da a ke samu in an kashe shi bai kai yadda aka sa rai ba.

Har wa yau, ƙasa ba ta zama fayau. In itacen gishiri ya mutu ba a dasa kome ba, sai waɗansu miyagun ciyayi, su ma baƙi, su maye gurbinsa. Busassun itatuwan da ke tsaye kuma makamashi ne.

Inda aka ci riba shi ne inda mutane suka bi bayan ƙwaron da aikin hannu. A bakin Kogin Dolores, a Kolorado da Yuta, tun daga 2009 ma'aikatan Gwamnati da masu filaye da 'yan sa kai suka haɗa kai. Suna sare matattun itatuwa, suna kashe miyagun ciyayi, suna shuka ciyawar asali, suna dasa wilo da itacen auduga. A wani wuri kuma an gwada mayar wa kogi da cikowarsa. A watan Maris na 2014 Amurka da Meziko suka saki ruwa da gangan daga madatsar Morelos, ya bi busasshiyar hanyar Kogin Kolorado har mako takwas, don itatuwan asali su sami ɗanyen laka su tsiro.

8. Mu fa?

Wannan dabara ta aika ƙwaro ya yi maganin ɓarna ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. Wani farin ƙwaro daga Amurka ta Kudu ya taɓa lalata rogo a ƙasashen Afirka da yawa. Masana na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan suka kawo abokin gabansa daga can, wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro. An fara sakinsa a 1981, rogo kuwa ya farfaɗo.

Tsagewar bango ma mun san ta. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Bayan haka tafiyar ruwa ta sake a fadamun Haɗeja da Nguru. Inda da ruwa ke zuwa ya janye, sai ya zauna duk shekara. Ciyawar kacala ta sami wuri, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan-baki. Wanda ya ga wannan ba zai yi mamakin labarin Kogin Kolorado ba.

9. Abin da za mu riƙe

Na ɗaya, kafin ka kawo baƙon tsiro garinku, ka tambayi malamin gona. Wanda ya fara dasa itacen gishiri don kyan furensa bai san abin da jikokinsa za su gani ba.

Na biyu, in mugun tsiro ya kama wuri, a tambaya me ya ba shi hanya. In ba a gyara wannan ba, ko an kashe shi wani zai zo.

Na uku, maganin da ke da rai yana da arha, yana kuma aiki ba dare ba rana, amma in an sake shi an sake ke nan. Saboda haka aikin masana ne da izinin hukuma, bayan dogon gwaji. Ba aikin da mutum zai ɗebo a kwalba ya kai inda ya ga dama ba ne. Garin neman gira kada a rasa ido.

Na huɗu, cire mugun itace rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne dasa na kirki a gurbinsa, tun kafin mai zama a inuwarsa ya rasa wuri.

TAMBAYOYI

1. Daga ina aka kai itacen gishiri Amurka, kuma don me?
2. Faɗi abu huɗu da suka ba itacen ƙarfi.
3. Yaya madatsun ruwa suka cuci wilo da itacen auduga?
4. A wace shekara aka saki ƙwaron daga keji? Shekara nawa ke nan tsakaninta da 2010?
5. Me ya sa ƙwaron ƙasar Sin ya kasa zama a Teksas?
6. Yaya cin ganye ya cuci ɗan tsuntsu?
7. In eka guda tana bukatar dashe 150, dashe nawa eka 12 ke bukata?

AIKIN RUBUTU

Rubuta sunan wani tsiro da ya dame ku a gona ko a fadama. Tambayi dattawan garinku ko yana nan tun suna yara. In ba ya nan, su gaya maka lokacin da ya zo, da abin da ya sake a wurin kafin zuwansa. Rubuta amsarsu cikin layi biyar, ka kawo aji a karanta.